Firintar ofis da ke yawan riƙe takarda: gyara za a yi ko sabuwa za a saya?

Wata malama da ke aiki a ofishin wata makarantar sakandare mai zaman kanta ta aiko da wannan tambaya: "Muna da firinta HP LaserJet P2055dn wadda aka sayo ta hannu. Da farko lafiya ƙalau take aiki, amma yanzu da wuya ta fitar da shafi ashirin ba ta riƙe takarda ba, musamman in muna buga jarrabawa gaba da baya. An canza tona sau biyu, babu abin da ya sauya. Shugaban makaranta ya ce a sayi sabuwa kawai a huta. Mene ne shawararka?"

Malama, ki ba shugaba haƙuri ya ɗan jinkirta maganar sabuwa tukuna. Kuɗin tonar nan kam sun riga sun tafi, domin ba kasafai tona, wato garin tawadar da ke cikin katirij, take da hannu a maƙalewar takarda ba. Mai gyaran da aka kira kan takarda ya fara da sayar muku da katirij, ko dai bai duba injin ba, ko kuma katirij ɗin ne kawai yake da shi a jaka. Ita P2055 tun wajen 2008 aka fito da ita, kuma har yau ofisoshi da shagunan buga takardu suna cike da ita saboda ƙarkonta da arhar kayan gyaranta. Yawancin abin da ke sa ta riƙe takarda kuɗinsa bai kai na katirij ɗaya mai kyau ba. In kuwa laifin na takardar da kuke saye ne, ko na wutar da kuke ba ta, to ko sabuwa dal aka ciro daga kwali ba za a jima ba za ta ɗauki halin tsohuwar.

Sai kin san yadda injin yake gane takarda ta maƙale kafin sauran bayanin ya zauna miki. Firinta ba ta ganin takarda, lokaci take ƙirgawa. A kan hanyar da takarda ke bi akwai wasu 'yan sandunan roba baƙaƙe masu lilo, kowanne da ɗan sifirin a jikinsa. Takarda in ta zo wucewa sai ta ture sandan, shi kuma ya sanar da sensa, wato 'yar na'urar da ke gaya wa injin takarda ta iso. Injin ya san cewa daga lokacin da ya umarci rola ta ɗauko takarda, ya kamata bakinta ya iso sensa ta farko cikin lokaci kaza, wutsiyarta kuma ta bar wurin cikin lokaci kaza. Firintarku tana fitar da shafi 33 na A4 a minti ɗaya, ke nan kowace takarda ko daƙiƙa biyu ba ta samu. In ta makara, ko ta yi sammako, ko ta daɗe ba ta wuce ba, sai injin ya tsayar da komai ya rubuta a allo cewa takarda ta maƙale. Saƙon kusan ɗaya ne kullum, amma abubuwan da ke jawo shi suna da yawa, wani lokaci ma a buɗe ko'ina a tarar babu takardar da ta maƙale.

Shi ya sa abin da nake fara nema a kowane ofishi shi ne takardar da ta maƙale ɗin, kuma kusan kullum sai a ce an dunƙule ta an jefa kwandon shara. Ita ce shaidar da ta fi kowa sanin abin da ya faru. In ta sake riƙewa, kada a yi gaggawar fizgowa. A buɗe ƙofar katirij, a ciro shi, a duba inda bakin takardar ya tsaya, a ɗauki hoto da waya. Bayan an zaro ta, a rubuta a jikinta da biro: daga wane tire ta fito, shafi na nawa ne a cikin aikin, fuska ɗaya ake bugawa ko biyu. Ki tara guda biyar ko shida haka. In duk a wuri ɗaya suka tsaya kuma kama ɗaya suka yi, matsalar tana cikin injin, a wannan wurin. In kowace da inda ta tsaya, yau nan gobe can, to ki fara zargin takardar kanta.

Hanyar kuwa ba ta da wuyar riƙewa. Daga babban tire na ƙasa, rola ta jawo takardar sama, wata 'yar roba da ke bakin tiren ta tare ta biyun don kada su tafi tare. Takardar ta lanƙwaso ta gaban injin, ta shiga tsakanin wasu rololi da ke daidaita bakinta, ta wuce ƙarƙashin katirij inda garin tona ke hawa jikinta, ta shiga fiyuza a baya, wato sashen da ke narkar da tonar ya manne ta da zafi da matsi, sannan ta sake lanƙwasowa ta fito ta sama. In gaba da baya ake bugawa, sai ta leƙo waje kaɗan, injin ya sake janye ta, ta bi ta ƙasa ta koma farko ta maimaita tafiyar.

To ga yadda ake karanta ta. Takardar da ko motsawa ba ta yi daga tire ba, ko ta fito kamar yatsa biyu ta tsaya, rola ce ta kasa kama ta. Biyu ko uku da suka tafi a manne, robar da ke raba su ce ta cinye, ko takardun ne suke liƙe da juna. Wadda ta shiga a karkace, ko dai shingen tire bai matse ta daidai ba, ko rolar ta cinye ta gefe ɗaya. Wadda kusurwarta guda ta naɗe kullum ta gefe ɗaya, akwai abin da take karo da shi a wannan gefen. Wadda ta tattare ta yi ninki-ninki a bakin fiyuza, gabanta ne ya toshe alhali rololin baya suna ci gaba da turo ta. Wadda kuma aka tarar a miƙe sumul, ba yagewa ba lanƙwasa, kawai ta tsaya, wannan maganar sensa ce ko ta girman takarda, babu abin da ya tare ta.

Bari in daɗe kaɗan a kan takarda, don a nan gizo ya fi yin saƙa a ofisoshinmu, kuma nan ne mutane suka fi raina wa. Takarda tana shan danshin iska, tana kuma fitar da shi. Masana'anta suna rufe ta da ɗan danshi daidai, kusan kashi biyar cikin ɗari na nauyinta, su naɗe ta da mayafi mai rufin da ke hana iska shiga. Da zarar an yage mayafin, sai ta koma bin yanayin ɗakin. Kamfanonin firinta sun fi son iskar ɗaki ta kasance da danshi wajen kashi hamsin cikin ɗari. Mu kuwa shekararmu ba ta san tsaka-tsaki ba. A Agusta, lokacin marka, iska a jiƙe take sharkaf. A Janairu, tsakiyar hunturu, danshin yakan faɗi ƙasa da kashi ashirin a Kano da Katsina da Maraɗi da makamantansu.

Da damina takardar da ta kwana a buɗe takan yi laushi, gefunanta su yi ɗan tudu da kwari. In ta shiga fiyuza, wanda zafinsa yake kaiwa wajen digiri 180 zuwa 200, ruwan da ke jikinta sai ya tashi farat ɗaya, ta nannaɗe. Wani lokaci har tururi za ki gani yana fita ta sama, mutane su tsorata su zaci injin ne ya kama da wuta. Takardar da ta nannaɗe ba ta iya samun ƙofar fita, balle a ce ta koma ta zagayo a buga bayanta. Da hunturu kuma akasin haka ne. Takarda ta bushe ƙayau, ta tara irin wutar nan da ke yin ƙas-ƙas in mutum ya tuɓe rigar sanyi da dare, sai takardu su manne da juna, rola ta jawo uku a maimakon ɗaya. Ga kuma ƙurar da ke sauka kan kowace takarda ta bi ta cikin injin ta liƙe a jikin roba.

Gwajin da zai raba gardama ba ya cin komai sai kuɗin rim ɗaya. Ki sayo sabon rim na giram 80 (ma'aunin nauyin takarda ne, yana rubuce a jikin mayafin) wanda ba a taɓa buɗewa ba, daga kamfanin da aka sani. Ki kwashe duk abin da ke cikin tire, ki zuba kamar rabin tire daga sabon, ki buga shafi hamsin fuska ɗaya, sannan hamsin gaba da baya. In suka fita lafiya, an gama shari'a, injinku ba shi da laifi. Ina yawan ganin makarantu suna sayen takarda mai giram 70 saboda rangwame, ko wadda aka yanko daga manyan falle a wurin masu ɗab'i. Ta giram 70 tana iya wucewa a fuska ɗaya, amma bayan ta sha zafi sau ɗaya wani lokaci takan rasa ƙwarin da za ta sake lanƙwasowa ta zagaye na biyu. Wadda aka yanka da hannu kuwa sau da yawa girmanta ba ya cika daidai, bakinta yana da kaushi, wuƙar ta matse gefunan sun liƙe, ga garin takarda da take zubarwa. Ribar da aka ci wurin saye takan ƙare a takardun da aka yayyaga da lokacin da aka ɓata.

Sai kuma takardar da aka riga aka buga fuska ɗaya ana son a ci moriyar bayanta. Tattali abu ne mai kyau, amma ba a cikin wannan injin ba. Ta riga ta sha zafi ta lanƙwashe, kuma cikin tarin irinta ba a rasa guda mai ƙusar sitefila a kusurwa. Ƙusa ɗaya ta isa ta yage fatar fiyuza. A yanka su a yi ta rubutun biro a kansu.

Rim da aka buɗe a mayar da ragowarsa cikin mayafinsa a naɗe, a sa a kabad, kada a ajiye a ƙasan siminti ko jikin taga. Ranar Juma'a in za a tashi a kwashe na cikin tire. Wajen zubawa, kada a ƙara sabuwa a kan tsohuwa, a kwashe a haɗa a daidaita baki ɗaya. Mutane da yawa suna kaɗa takarda da yatsa kamar masu ƙirga kuɗi kafin su zuba. HP da kanta ta hana hakan a littattafan injinanta, domin yana ƙara wutar da ke sa su manne. Lanƙwasa tarin ake yi gaba da baya, a buga gefensa a kan tebur, a sa. Tiren na takarda 250 ne, wato rabin rim, kuma akwai alama a jikinsa da ke nuna iyaka. Wanda ya danna fiye da haka don kada ya sake tasowa daga kujera, zai taso sau biyar.

Tunda kin ce ta hannu ce kuma a gaba da baya ta fi yi, akwai abu guda da nake so ki duba yau ɗin nan kafin ki kira kowa. Da yawa daga cikin waɗannan injina daga Amurka suke zuwa, can kuwa ba A4 suke amfani da ita ba. Tasu, wadda ake kira Letter, faɗinta milimita 216 ne, tsawonta 279. Tamu A4 faɗinta 210, tsawonta 297. A bayan P2055 mai buga fuska biyu akwai wata 'yar ƙofa ta ƙasa, in kin ɗaga ta za ki ga wani shuɗin mariƙi. In an tura shi ciki, an saita hanyar zagayen ne don takardar Amurka. In an jawo shi waje, don A4. Injin da aka bari a saitin Amurka zai riƙa karkatar da A4 a zagaye na biyu yana riƙe ta. Haka nan ki duba shingen baya na cikin tire ko yana kan alamar A4, ki duba saitin injin, ki kuma duba kwamfutar da ake turo aikin daga gare ta, don Word sau da yawa da Letter yake zuwa. In kwamfuta ta ce takarda gajera ce alhali doguwa ce ta shigo, lissafin lokacin nan da na faɗa miki sai ya rikice.

In sabon rim bai magance ba, girma kuma daidai yake, sai a koma kan roba. Ki kashe injin ki zare wayar wuta, ki ciro babban tire gaba ɗaya, ki leƙa saman ramin da ya bari. Za ki ga rolar da ke ɗauko takarda. Sabuwa tana da ɗan kaushi in an shafa. Wadda ta gaji takan suɗe ta yi sulɓi har da ƙyalli. Ki jiƙa tsumma mai tsabta marar gashi da ruwa, ki matse sosai, ki goge ta kina juyawa, ki bari ta bushe. Ruwa kawai. Na sha ganin inda aka goge da fetur ko kananzir ko tina, rolar ta yi aiki kwana biyu kamar sabuwa, daga nan ta kumbura ko ta tsattsage. In gogewa ta kawo sauƙi na 'yan kwanaki sannan matsalar ta dawo, rolar ta gama aikinta, a canza ta. Kuma a canza ta tare da robar da ke raba takardu, wadda take a bakin tiren, domin tare suke cinyewa. Sabuwar rola a kan tsohuwar roba takan ƙara yawan jan bibbiyu, saboda ƙarfin ja ya ƙaru, ƙarfin tarewa bai ƙaru ba. Akwai hanya mai sauƙi ta tabbatarwa: ki buga aikin daga ƙaramin tire na gaba, wanda ake saukewa. Shi rolarsa daban ce. In ta nan yana tafiya lafiya, ta ƙasa kuma yana riƙewa, kin san inda za a taɓa.

Daga nan sai abubuwan da ba su da hurumin zama a ciki. Ki haska da fitilar waya ki bi hanyar a hankali. Abin da aka fi samu shi ne guntun takardar da ya yage a maƙalewar da ta gabata ya saura, wani bai fi farce ba, ya danne sandan sensa ko ya tsaya a kusurwa yana naɗe bakin kowace takarda. Ana samun ƙusar sitefila, da kilif, da robar ɗaure kuɗi, da lambar manne da ta ɓalle daga takardarta. Ana samun kyankyasai, don suna son ɗumin wurin, har tsaka ma takan shiga ta mutu. Kowane sandan sensa da kika gani, ki ɗan ture shi da yatsa. Ya kamata ya dawo da kansa nan take. In ya tsaya ko yana dawowa da nawa, sifirin ya zame ko datti ya riƙe shi. Wannan shi ne ke sa injin ya ce takarda ta maƙale tun daga kunnawa alhali babu komai a ciki. Ki kuma duba hanyar zagayen: in kin ciro tire, akwai koren mariƙi ta gaba da ake dannawa farantin ƙarfen ya sauko. Guntaye suna son ɓuya a can, kuma in ba a mayar da farantin ya kulle sosai ba, duk aikin gaba da baya sai ya tsaya.

Akwai wata cuta da tsofaffin HP irin su 1320 da P2015 da taku suka yi suna da ita, wadda masu gyara da yawa ba sa kawowa a rai. Abin da ke sakin rola ta juya sau ɗaya ga kowace takarda wani ɗan maganaɗisu ne da ake kira solenoid, mai jan ɗan harshen ƙarfe ya sake. An liƙa masa ɗan soso don rage ƙara. Da shekaru suka ja, ga zafin ƙasarmu, soson sai ya narke ya koma danƙo, harshen ya riƙa mannewa ba ya sakuwa da wuri. Rola sai ta ƙara juyi, ta turo takarda ta biyu a kan wutsiyar ta farko. Alamarsa ita ce shafi ɗaya yana fita lafiya, amma aiki mai shafi da yawa sai ya tsaya a na biyu ko na uku, a tarar da farar takarda ta biyo wata a baya, kuma abin ya fi tsananta in injin ya yi zafi. Bayaninki ya yi kama da wannan ƙwarai. Maganinsa a kankare danƙon a liƙa ɗan tef a madadinsa, ko a canza solenoid ɗin. Sai an cire murfin gefe, don haka aikin mai gyara ne, amma ki ambata masa da bakinki. In ya yi miki kallon bai taɓa ji ba, ki nemi wani.

Fiyuza na bar shi kusan ƙarshe da gangan, saboda shi ne mafi tsada, kuma shi masu gyara suke saurin ɗora wa laifi. A irin wannan injin, wata siririyar fata ce mai santsi take juyawa a kan abin dumama, a ƙarƙashinta kuma rola mai taushi tana matsa takardar. Fatar takan yage daga gefe, man da ke cikinta yakan bushe ta daina juyawa sosai, rolar ƙasan takan kumbura ko ta ɓare. In haka ta faru ba ya ɓuya: rubutu yana gogewa in an murza da yatsa, takarda tana fitowa a yamutse, ana ganin inuwar rubutu tana maimaituwa a ƙasan shafi, ko a ga ɓarɓashin fata mai ruwan toka a cikin injin. In allon ya nuna kuskure mai lamba 50, wannan kam fiyuza ne ko wutar da ke zuwa masa. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kada ki yarda a canza shi don zato. In kuma ya tabbata shi ne, sau da yawa fatar da rolar kawai ake canzawa. Ki dai tabbatar an sa man da aka yi domin wannan zafin. Girisin mota da wasu ke shafawa yakan ƙone cikin ɗan lokaci ya tafi da sabuwar fatar. Wani gwaji kuma: ki buɗe ƙofar baya ki buga fuska ɗaya, takarda za ta fito ta baya a miƙe ba tare da lanƙwasar ƙarshe ba. In ta nan ba ta riƙewa, fiyuza yana turawa lafiya, matsalar tana rololin fita na sama ko a nannaɗewar takarda. Ta wannan hanyar ce ma ya kamata a riƙa buga kati da ambulan da takardar shaida mai kauri: daga tire na gaba, ƙofar baya a buɗe, a kuma gaya wa kwamfuta cewa takarda mai kauri ce don injin ya rage gudu ya daidaita zafi. Takardar hoto mai ƙyalli ta firintar tawada kuwa kada ta kusanci wannan injin, rufinta narkewa yake a cikin fiyuza.

Maganar wuta gajera ce. Injin nan yana jan wat 500 zuwa 600 yayin bugu, fiye da haka ma a lokacin da fiyuza ke ɗaukar zafi. Ƙaramar UPS ta kwamfuta ba ta iya ɗaukarsa, ƙaramin janareta da aka ɗora wa fanka da firij ma haka. In kin lura fitila tana dusashewa duk sanda ya fara bugu, ko ya fi rikici a kan janareta, ki gwada shi a soket na bango shi kaɗai lokacin da wuta take da ƙarfi. Ki kuma karanta lambar da ke bayansa: in na bolt 110 ne aka sa masa taransifoma, ƙaramar taransifoma tana shaƙe shi. Takardar da ta tsaya a ciki don an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki kuwa, kada a lissafa ta cikin laifin injin.

Yadda ake ciro takardar ma yana cikin abin da ke mayar da ƙaramar matsala babba. A kashe injin, a ciro katirij a rufe shi da takarda don haske yana lalata duram ɗinsa, wato gangar da ke ɗora tona a kan takarda, a buɗe ƙofar baya. A kama takardar da hannu biyu a ja a hankali, in da hali ta ɓangaren da take tafiya. Fizgar ta baya da ƙarfi shi ke karya sandunan sensa. In a fiyuza take, a ba shi mintuna ya huce, yana ƙona hannu. Wuƙa da almakashi da tsinken gashi kada su shiga ciki. In ta yage, a jera guntayen a tebur a ga ko sun cika takarda guda. In da gibi, ragowar tana ciki, kuma ita ce za ta riƙe ta gaba. Tonar da ta taɓa hannu ko mayafi a kakkaɓe a wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi yana kama ta ne a jikin zare.

Ban wanke tona gaba ɗaya ba. Katirij 05A da aka yi ta sake cikawa har murfin duram ɗinsa ya karye, ko yake zubar da gari, yana iya tare takarda ko ya ɓata rololi da sensa. Amma tunda an canza sau biyu abin bai motsa ba, ku cire shi daga lissafi.

Abu na ƙarshe ya shafi shugaba kai tsaye. A cikin jerin rahotannin injin akwai shafin da ke nuna yawan abin da ya buga tun farko, har da adadin takardun da suka maƙale da waɗanda ya kasa ɗauka. Ki buga shi ki ajiye, bayan wata guda ki sake bugawa ki ga nawa kuke ci. HP ta ce aikin da ya dace da wannan injin shi ne shafi 750 zuwa 3,000 a wata. Makarantar da ke da ɗalibai ɗari uku, kowane da darasi tara, kowace jarrabawa shafi biyu, ta haura shafi dubu biyar a mako ɗaya ke nan, a kan injin da aka yi don wasiƙu da rasit. In haka kuke yi, ko an gyara zai sake gajiya, sabuwa mai girmansa ma haka. A buga asali guda a firinta, a kai sauran ga fotokwafi babba ko injin Riso, wanda don irin wannan aikin aka ƙera shi kuma kowane shafi ya fi arha. In makaranta za ta kashe kuɗi, can ya kamata su tafi. Firintarku kuwa sai in an tarar da fiyuza da giyoyin da ke juya shi da ƙarafan tire duk sun gaji lokaci guda, kuɗin gyara ya doshi rabin na wata mai lafiya, sannan zan ce a sauke ta a ajiye don cire kayan gyara.